Shekarar da Fara Ta Tsallake Gonar Illa

'Yan shekaru kafin Nasara su shigo Damagaram, an yi wani manomi mai suna Illa a wani ɗan ƙauye gabas da Sassumbrum. Ba a sa shi cikin manyan manoma. Gonarsa ɗaya ce, ta gado, tana tsakanin gonar maƙwabcinsa Bunu da hanyar rijiya. Daga cikinta shi da matarsa Hinda suke ci, wata shekara ta kai su, wata ta kasa.

A damanar da ake zance, Illa ya yi shuka da ruwan farko, ya gama noman fari da ƙyar, sai kurkunu ya fito masa a ƙafar hagu. Ya kwanta kwana arba'in da 'yan kai. Bai yi maimai ba. Sabara da kalgon da kowa ke sarewa suka tofo suka yi duhu a gonar, ciyawa ta kai gwiwa. Hinda kan je da hauya ta taɓa abin da ta iya, zabinta na biye da ita don babu mai tsaronsu a gida. Masu wucewa rijiya sukan dubi gonar su kaɗa kai.

Da hatsi ya fara fid da kai sai fara ta taso. Ba irin mai rufe rana ba ce, 'yar ƙasa ce, mai tsalle daga kara zuwa kara, amma ta yi yawan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Aka haƙa ramuka ana kora ta ciki, aka yi hayaƙi, aka kaɗa ƙorai. Ta ci ganye, ta hau zangarniya tana cin tsabar tun tana da ruwa. Cikin kwana goma gonar Bunu, wadda ko tsinken ciyawa babu a cikinta, ta koma kara tsaye.

Ran da Illa ya fara iya takawa, ya dogara sanda ya tafi ganin asararsa. Da ya isa sai ya tsaya. Ya ɗauka ɓatan hanya ya yi. Ya dubi gawon da ke tsakiyar gonar, nasa ne. Ya dubi iyaka, ita ce. Hatsi na tsaye cikin ciyawa, zangarniya ta cika ta sunkuya, wake ya yaɗu a ƙasa. Akwai cizon fara a ganye nan da can, amma abinci na nan. Taku uku daga wurin, gonar Bunu fes.

Yana tsaye haka Bunu ya same shi. Bunu ya girme shi da kusan shekara goma, kuma kowa ya san babu mai gyaran gona kamarsa.

"Illa, me ka binne a gonar nan?"

"Yaya, ni da ko zaure ban iya fitowa ba?"

"To wa ka aiko?"

"Wallahi ba kowa."

Bunu ya daɗe yana dubansa, ya ce, "Ban ce ka cuce ni ba. Amma in ka san wani abu, 'ya'yana bakwai ne."

Wannan magana ta fi ciwon ƙafar damun Illa. Da ya yanke hatsi ya kai wa Bunu abin da ya iya, ya kai wa wasu gidaje biyu. Duk da haka zance ya bazu cewa Illa na da maganin fara. Bayan an gama kaka mai gari ya tara magidanta a ƙofar gidansa, ya sa aka kira shi.

"Faɗa mana abin da ka yi, daga shuka har yanka. Kada ka bar komai."

"Ranka ya daɗe, kwanciya na yi."

Aka yi 'yar dariya, amma mai gari bai yi ba. Illa ya zauna yana tunani a gaban mutane. Ya ce bai sare sabara ba. Ya ce ciyawa ta ci gonar. Ya tuna zabin Hinda sun yini a can kusan kullum. Ya tuna Hinda takan kwashi tokar murhu ta barbaɗa wa wake da sassafe, kamar yadda ta ga uwarta na yi. Can kuma ya tuna da rani wani Bafillace, Dikko, ya kwantar da shanunsa wata guda a ƙarƙashin gawon.

"To cikin waɗannan wanne ne?" in ji mai gari.

"Ban sani ba."

Wani ya ce zabin ne, ai kowa ya san suna cin fara. Wani ya ce zabi goma sha biyu ba su cinye farar da ta gagari gari guda. Wani tsoho ya ce ƙila ta ƙoshi ne da ciyawa ta manta da hatsi. Aka ce to ai gonar wani makaho da ke yamma da gari ta fi ta Illa ciyawa, kuma an cinye ta. Aka yi ta ja har la'asar, aka tashi ba a tsayar da komai ba.

Bunu ne ya kawo shawara da bazara ta gabato. Ya ce kowa ya ɗauki abu ɗaya ya gwada, a ga wanda zai tsira. Mai gari ya kira Fulani suka kwantar masa da shanu. Sallau maƙeri ya sayi zabi daga kasuwar Sassumbrum. Wani ya tara toka kwando kwando. Bunu kuwa ya ɗauki abin da ya fi masa wuya, ya bar sabara, ya bar ciyawa. Kullum sai ya je ya tsaya a bakin gonar yana riƙe da hauya, ya juyo gida ransa ɓace. Illa, da yake an ce shi ne mai maganin, ya haɗa duka.

Fara ba ta zo ba a shekarar. Abin da ya zo murzuna ce, tsutsar nan mai shiga zangarniya ta bi ta tana murzawa har tsaba ta zube.

Da aka zo kaka sai lissafin kowa ya rikice. Gonar mai gari ta yi hatsi mai kauri saboda taki, murzuna ta ci rabinsa. Mai toka bai tsira da komai ba sai wake. Bunu bai ga murzuna sosai ba, amma ciyawa ta shaƙe hatsin, zangarniyar ba ta wuce ɗan yatsa ba. Sallau kuwa, zabinsa sun tone irin tun ranar shuka, dole ya sake shukawa bayan kwana goma sha biyar, yana zagin tsuntsayen. Hatsinsa ya fito a makare, murzuna ba ta taɓa ko kai ɗaya ba. Gonar Illa ta rabu biyu: wajen gawo da sabara lafiya lau, gefen hanyar rijiya an murje shi.

"Zabin ne suka cece ni," in ji Sallau a dandali.

"Zabin da suka cinye maka iri?" in ji Bunu.

Ba wanda ya sake kiran taro. Wasu suka daina kula Illa, suna cewa ya ɓoye ainihin abin ya ba su ƙanzo. Shi ma Illa ya fara tambayar kansa ko akwai wani abin da ya yi ya manta. Ya tambayi Hinda har ta gaji.

"Maigida, abin da na gani na faɗa maka. Na ga zabi suna ci, na ga belbela suna ci, na ga ƙadangaru suna ci. Wanda ya fi ci, ban auna ba."

Da Dikko ya dawo da shanunsa bayan an ɗauke amfani, Illa ya tare shi ya kwashe labari duka ya faɗa masa. Dikko ya jingina da sandarsa yana saurare. Ya ce shi dai a yawonsa ya lura gonar da ke da itace da ɗan duhu ta fi tsuntsu, ta fi gizo-gizo, ta fi zanzaro, kuma duk waɗannan cin ƙwari suke yi. Illa ya ce to gonar makaho fa? Dikko ya ce wannan bai san ta ba, shi makiyayi ne.

Damana ta uku Illa ya ɗauki wata ɗabi'a. In ya gama noma sai ya zauna a gindin sabara ya yi shiru yana kallo. Ya ga zanzaro ya ɗauko tsutsa da ta fi shi girma yana ja. Ya ga tururuwa sun taru kan ƙwan wani ƙwaro sun kwashe. Ya ga wata 'yar tsuntsuwa na kai wa 'ya'yanta fara, sau nawa har ya daina ƙirgawa. Ya kuma ga tsuntsuwar nan dai ta sauka kan zangarniya tana cin hatsinsa. Ya ɗaga hannu zai kore ta, ya sauke, ya sake ɗagawa, ta tashi da kanta.

A nan wani baƙo daga Mallawa ya same shi. Ya ce ya ji labarin mai maganin fara, ya yi tafiyar kwana biyu. Illa ya zaunar da shi ya gaya masa komai, har da abin da bai yi aiki ba. Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya matso ya rage murya.

"Na ji wannan, Malam Illa. Yanzu faɗa mini na gaskiyar."

Illa ya rantse masa iyakarsa ke nan. Baƙon bai yarda ba, amma ya ci tuwo, ya karɓi ƙwan zabi shida da Hinda ta naɗe masa a tsumma, ya kama hanya.

Amfanin shekarar ya zo tsaka-tsaki a ƙauyen duka. Bunu ya koma nome ciyawarsa tas kamar da, sai dai ya daina sare sabarar da ke kan iyaka, ya kuma bar 'yan gawo uku da suka tsiro masa. Sallau ya ci gaba da jinkirta shuka, sai a shekara ta gaba ruwa ya ɗauke da wuri, hatsinsa bai kai ga nuna ba.