Madubin Jar Mota

"Sama kaɗan, Injiniya. A'a, ka zarce."

Ni ba injiniya ba ne. Malamin lissafi ne, kuma gara in faɗi gaskiya tun yanzu: wata uku ina ce wa maƙwabcina gobe zan gyara masa madubin nan. Sai da ciwo ya kwantar da shi sannan gobena ta zo.

Motar tsohuwa ce, ja, mai kujera biyu, ta kwanta ƙasa kamar kyanwa mai fakon ɓera. A zamaninta, in ji shi, babu mai ganin komai nata sai baya. Yanzu shekara shida ke nan tana tsakar gida, tayoyi sun sace, amma kafin ciwon nan duk safiya sai ya goge ta. Shi ya sa unguwa ke kiransa Baba Mai Jar Mota.

Gadonsa na jikin taga, motar na gaban tagar, ƙofar gida kuma na can bayan kusurwar ɗaki, inda ba ya gani. Shi ya gano cewa in aka karkata madubin gefen direba, daga kan matashinsa zai hango ƙofar a ciki. Autarsa yake jira. Shekara uku ba su yi magana ba, sai makon jiya ta bugo waya ta ce tana hanya.

"Baba, ai in ta zo ɗakin za ta shigo," na ce.

"Za ta shigo da fuskar da ta gyara. Ni so nake in ga wadda za ta buɗe ƙofa da ita."

Madubin kuwa ba ya tsayuwa. Da na saita shi na saki, sai ya sunkuyar da kai sannu a hankali, kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Na kwance murfinsa. A ciki akwai ɗan ƙwallon ƙarfe da yake juyawa a kai, da sukuru biyu masu matse shi. Tsatsa ta ci ɗaya, ɗayan kuma yawo kawai yake a raminsa.

"Wane gwani ya ɗaure wannan?"

"Kai ne, bara."

Na ci gaba da aikina.

Matarsa, wadda duk muke kira Mama, ta kawo mini ruwa ta tsaya a kaina. "Ka hanzarta, ɗan nan," ta ce ƙasa ƙasa. "Jiya ko cokali uku bai sha ba."

Rannan ban gama ba. Na cusa takarda, ta zame. Na naɗa waya, Baba ya ce in cire, ba a ɗaure wa motarsa waya kamar kejin kaji. Washegari na tsallake darasin rana na je wajen makanike. Ya dubi sukurun ya yi dariya, ya ce rabonsa da irinsa tun yana da gashi. Ya tono mini wani mai kama da shi daga gwangwani, ya yanko mini robar tsohon tiyub, ya ce in shimfiɗa ta ƙarƙashin ƙwallon kafin in matse.

Na dawo rana tsaka. Sau biyu sukundireba na kufcewa, na biyun ta karce jan fenti. Na rufe wurin da babban yatsa.

"Na ji," muryarsa ta fito daga taga, siririya. "Shekara arba'in ban karce ta ba."

"Yi haƙuri, Baba."

"Matse kawai."

Na matse. Na saki hannu, madubin ya tsaya da kansa a ɗage. Shekara ashirin ina koya wa yara yadda haske ke dukan madubi ya dawo, ban taɓa jin na amfani kowa da shi ba sai ranar.

"Yanzu fa?"

"Hagu."

"Hagunka ko haguna?"

Ya yi wani abu mai kama da dariya, tari ya karɓe. Na jira, gumi na shiga idona. Na tura kaɗan, na dawo kaɗan. Da na ɗago, ni yake kallo ta taga, ba madubin ba.

"Baba?"

"Yauwa. Nan. Je ka huta, Injiniya, rana ta yi maka yawa."

Na ƙara matse sukurun yadda ko guguwa ba za ta motsa shi ba, na tafi gida ina jin kaina.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ina goge allo aka zo aka kira ni. Mama ta ce bai sha wahala ba, kuma fuskarsa na wajen taga. Autar ta iso da yamma, bayan mun dawo daga kai shi. Ina tsaye a tsakar gida ta turo ƙofa, jaka a hannu, idanu a kumbure tun daga hanya. Ni na ga fuskar da yake son gani. Ban san inda zan kai ta ba.

Da mutane suka ragu, Mama ta ce in taimaka a fitar da gadon. Kafin in kama, na durƙusa na sa kaina inda matashinsa ya lotsa, na dubi taga.

Madubin na nan daram, bai sunkuya ba ko kaɗan. Babu ƙofa a ciki. Katangar gidana ce, da wandona a kan igiyar shanya.