Likkafanin Inna Azumi

A unguwar Jaradiya, in aka ce wani zai tafi gida Najeriya, to ƙofar Alhaji Maiwada ake nufa. Shekararsa ashirin da shida yana tuƙa motar wani kamfanin gine-gine a Riyad, kuma a duk tsawon wannan lokaci ko allura aka ba shi saƙo sai ta isa hannun mai ita. Ba shi da gida nasa, ba shi da shago. Wannan shaidar ita ce dukiyarsa, kuma yana ji da ita fiye da yadda ya kamata, gaskiyar magana.

Saboda haka da aka ji ɗansa Ghali ya gama jami'a zai je Kano gaida dangi, sai mutane suka yi ta tururuwa. Mai dabino, mai abaya, mai turare, mai maganin ciwon gwiwa. Jaka biyu manya suka cika tam. Ghali kuwa haifaffen Riyad ne, Larabci ya fi zama a bakinsa, yana tsaye yana ta "Abshir, abshir", wato an gama, kamar da gaske.

Na ƙarshen zuwa shi ne Ɗan'iya, leburan gini, wanda shekara huɗu kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, bai sake shi ya leƙa gida ba. Ya miƙo wani ƙunshi a farar leda, an ɗaure da igiya.

Ya ce, "Alhaji, likkafani ne. Da na je Umara na wanke shi da zamzam, na shanya da hannuna. Mahaifiyata Inna Azumi ta ce ba ta son komai daga wurina sai shi. Jikin nata sai addu'a."

Maiwada ya karɓa da hannu biyu, ya sa a can saman jaka, ya ce wa Ghali wannan za a fara kaiwa Gwarzo kafin ya sha ko ruwa. Ranar tafiyar, aiki ya kai Maiwada garin Dammam, sai wani abokin Ghalin ya kai yaron filin jirgi.

Kwana tara saƙonnin Ghali suna shigowa a waya. Ya sauka lafiya. Sabis ba kyau, kira ba ya shiga. Yana ta rabon saƙo.

Rana ta goma, Juma'a ce, wajen ƙarfe uku na rana aka buga ƙofa. Ɗan'iya ne, idanu jawur. Ko zama bai gama yi ba ya ce Inna ta cika da safiyar nan.

Suka yi salati, Maiwada ya yi masa ta'aziyya. Sannan Ɗan'iya ya ce, "Ƙanena ya ce har yau Ghali bai iso ba. Na san hidima ce ta yi masa yawa. Na roƙe su su jinkirta jana'iza zuwa la'asar ɗin can. A ba ni lambarsa ta Kano, ƙanen nawa zai hau babur ya karɓo."

Maiwada ya ciro wayarsa. Sai a lokacin ya tuna ba shi da wata lambar Kano. Ya ce a yi masa uzuri, ya shiga ciki.

Ya kira ƙaninsa da ke Fagge, inda Ghali ya kamata ya sauka. Ƙanin ya yi mamaki. "Wane Ghalin, Yaya? Ai ya rubuto mini an ɗaga tafiyar sai bayan mako uku."

Maiwada ya juyo, sai ya ga 'yarsa Marwa a bakin kicin ta sunkuyar da kai tana murza waya. Bai yi tsawa ba. Hannu kawai ya miƙa, ta ba shi.

Ga Ghali a hoto. Gajeren wando, silifas, wata ƙatuwar jaka a goye wadda ta wuce ƙeyarsa. Bayansa gidaje ne masu launin shuɗi da rawaya da ruwan hoda, sun jeru a kan gangare, titi kuma na duwatsu. Wannan ba Kano ba ce, ko makaho ya shafa ya sani.

"Ina ne nan?"

"Salbado, Baba. A Barazil."

"Barazil ta 'yan ƙwallo?"

Ta gyaɗa kai. Ya ce ta kira shi, kiran da ake ganin fuska.

Ghali ya ɗauka yana dariya, a zatonsa Marwa ce. Can safiya ce, rana ta haska shi sosai. Da ya ga fuskar ubansa dariyar ta ɗauke, amma da yake mai laifi ba ya rasa surutu, sai ya hau bayani ba numfashi.

"Baba, wallahi zan faɗa maka. Usbu'i uku, mako uku kawai, daga nan in wuce Kano. Shekara biyu ina shirin nan. Duba, Baba, shuf!" Ya juya wayar. Ga wata tsohuwar coci mai hasumiya biyu, ya ce Turawan Fotugal suka gina ta tun zamanin bayi. Ga teku can ƙasa. Ga masu ganguna. Ga masaukinsu, wai su takwas a ɗaki ɗaya, gado kan gado, kowa da ƙasarsa.

Maiwada ya saki baki. Kafin ya samu aikin tuƙi, shekara bakwai ya yi a irin wannan ɗakin a bayan kasuwar Dira, yana shaƙar warin safar wasu, yana roƙon Allah kada ɗan da zai haifa ya san irinsa. Yau ga ɗan ya keta duniya takanas don ya kwana a ciki, har yana nunawa.

"Kuma Baba, ka ga matar can mai fararen kaya? Ƙosai take soyawa! Wallahi ƙosai, a manja. Mutanen nan kamarmu ɗaya. Ba wanda ya tambaye ni iƙama, takardar zama, ba wanda ya ce mini daga ina."

"Ghali."

"Na'am, Baba."

"Ina kayan mutane?"

Ana jin ganguna daga nesa.

"Suna nan lafiya, ba abin da ya taɓa su. Ai ta Riyad zan biyo in ɗauka. Kaya ne kawai, Baba, dabino da yadi. Ba ruɓewa za su yi ba."

"Na ce ina suke?"

"A saman benenmu. Bayan tankin ruwa."

Maiwada ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakin. Kwana goma yana kwana a ƙarƙashin amanar mutane, yana haɗuwa da su a masallaci yana cewa saƙo na hanya. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yaron bai ma san ya yi wani babban abu ba. A gabansa aka yi ta karɓar saƙo tun yana rarrafe, ashe shi ledoji kawai yake gani.

Ya ce, "Inna Azumi ta rasu. Gawarta na ajiye ana jiran ka."

Ya miƙa wa Marwa wayar ba tare da ya jira amsa ba.

Matakala talatin da biyu ce zuwa sama, ya hau su yana dafa bango. Zafi kamar a bakin tanda. Ga jakunkunan nan an lulluɓe su da tsohuwar darduma. Ya zuge ta farko, ƙunshin yana nan a sama inda ya sa shi da hannunsa, ledar ta yi zafi har tana ƙuna.

A hanyar saukowa ƙarya ta zo masa kala-kala. A ce kwastan sun riƙe. A ce jirgi ya ɓatar da jaka. Duk za a yarda, don shi ne Maiwada. Ya tsaya a bakin falo har sai da ya ji kunyar kansa, sannan ya shiga.

Ya durƙusa gaban leburan da ya girme wa da shekara ashirin, ya ajiye ƙunshin.

"Bai bar gidan nan ba, Ɗan'iya. Ɗana bai je Kano ba, yawon buɗe ido ya tafi. Ni na karɓa, laifin a wuyana yake."

Ɗan'iya ya daɗe yana kallon igiyar da ya ɗaure da kansa. Ya ciro waya, ya kira ƙaninsa, ya ce kada a ƙara jira, a sayo yadi a kasuwa a suturta ta.

Maiwada ya ce, "Ka yafe mini. Ka faɗi abin da zan yi."

Ɗan'iya ya kwance ledar, ya shafa farin yadin, ya kai hanci ya shinshina. Ya mayar ya naɗe, ya sa a hammata, ya miƙe.

"Ba komai, Alhaji," in ji shi. "Ba zai yi asara ba. Dama tsawonmu ɗaya da ita."