Wa Ke da Ruwa a Rijiyar Sa'idu

Habi na cikin tankaɗen dusa aka ɗauke ta cak aka aza bisa jaki. Ba a ma bari ta wanke hannu ba.

"Ina za ku kai ni? Ko miji na samu?"

"Bakin rijiya, Inna. Alƙasum ka kiranki."

Tun kafin soja su karɓi mulki rabon da wani ya tambaye ta wani abu, in ba "kin ci?" ba. Yau ga ta a kan jaki, mata na leƙowa ta saman darni. Sai ta gyara kallabi, dariya na ta taso mata kamar yarinya.

Rijiyar Sa'idu kaɗai ta rage da ruwa a wannan gefen Barmu, shi ma sai an jira ya taru. Don haka dattawa suka yanke cewa dabbar jinin Sa'idu kaɗai za ta sha, suka ba Alƙasum tsaron guga. Habi kuwa ita ce autar Sa'idu, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa.

Ta tarar da taro. Wani dogon baƙo mai baƙin rawani na riƙe da taguwa ɗaya, raƙumar duk haƙarƙarinta a waje. Taguwar ta kafa baki a busasshen kwamin shan ruwa tana lasa. Matar baƙon na tsugune da jariri.

"Inna, wanga mutum, Rissa sunanai," in ji Alƙasum. "Daga arewa ya hito. Wai kakarshi ta ce mishi suna da ruwa a nan. Kowa ya ji ƙishi sai ya zama jikan Sa'idu! Ki jero mamu dangi tun daga tushe, ya ji da kunnenai."

"Tun daga tushe?" Habi ta tafa hannu. "Ku sauke ni!"

Aka zaunar da ita a kan turmi. Ta fara da kakan Sa'idu, mai saƙar tabarma a Bambeye, wanda ba wanda ya riƙe sunansa sai dai an ce yana da kunnuwa kamar faifai. Shi ya haifi Ɗan-Tani, Ɗan-Tani ya haifi Sa'idu, kunnuwan suka biyo su.

"Sa'idu ba sarki ba ne, ba malami ba. Gajere ne, jakinai ma bai jin maganatai. Rami kawai ya iya. Ku shafa kunnuwanku, ku gode mai!"

Rabin taron suka kai hannu kunne ba su sani ba. Aka fashe da dariya, Habi ta fi kowa. Ta bi ɗakin uwargida ɗa bayan ɗa: wanda ya tafi Ikko bai dawo ba, wadda ta haifi tagwaye sau biyu, da jikokinsu da ke tsaye nan baki buɗe. Duk wanda ta ambata sai ya ɗaga hannu, a yi masa shewa.

"Sai yayata Kadidiya, wadda wani mai kawo gishiri ya aura ya yi arewa da ita. Ba mu sake ganinta ba."

"Kadidiya sunan kakata," in ji Rissa a hankali.

"Kadidiya ta cika duniya!" Alƙasum ya ce.

Habi ta daina dariya. "Yaro, hannunta fa?"

Rissa ya ɗaga hagunsa, ya lanƙwashe ƙaramin yatsa. "Wannan guntu ne. Ba ta taɓa gaya mana dalili ba."

"Igiyar rijiyar ga ta cinye shi! Ina tsaye!" Habi ta miƙe ba sanda. "Buɗe rawanin nan in gani!"

Rissa ya ji kunya, amma ya ɗan ja rawanin gefe. Kunne ya fito, fankameme. Mata suka rangaɗa guɗa. Habi ta cafke hannun rigarsa tana kuka tana dariya.

"Ashe da gaske miji na samu! Ke mai jariri, matsa, uwargida ta zo!"

Alƙasum bai saki guga ba. "Yatsa da kunne! Inna, Kadidiya ɗiya mace ce hwa, ta bi wani gida. Ki ci gaba, ki zo kanmu, ya ji yadda jini na gaske yake."

"Yanzu kuwa!" Daɗi ya riga ya kwashe ta. "Sai Sa'idu ya auro Safi, bazawara daga Affala. Ranar da ta tare, ta zo da go..."

Ta tsaya. Goyon nan shi ne Alhusaini, kakan Alƙasum. Sa'idu ya rene shi, ya aurar da shi, bai taɓa bari a ce masa agola ba, har garin ya manta. Ta dubi kunnuwan Alƙasum, 'yan ƙanana, lafe da kai kamar na ɓera. Ya ga inda take kallo. Hannunsa ya tashi zai shafa, ya fasa.

"Ta zo da mi, Inna?" wani ya tambaya.

Habi ba ta ɗauke ido daga Alƙasum ba. "In ci gaba, maigidana?"

Sai Alƙasum ya juya ya zura guga.

"Rana ta yi, tsohuwa ta gaji. Kai ɗan'uwa, jawo taguwar taka."

Ruwan ya fito ja, rabin guga. Ya juye a kwami, taguwa ta shanye kafin ya kwanta, ya sake zurawa.

"Ta zo da gora," Habi ta ce wa mai tambaya. "Babba."

Aka aza ta bisa jaki, Rissa na riƙe da igiya. Abin da ya ɓata mata rai ɗaya ne: saura ɗaki biyu ba ta jero ba. Sai ta fara jero wa Rissa su, tun daga tushe.