Bakin Wuta a Shingen Labaran

Bayan rikicin Jos na 2008, kowane lungu ya kafa shingensa, kowane mai zaman banza ya zama jami'in bincike. A mashigar unguwar Ali Kazaure, Labaran mai faci ne ke riƙe da gora, shi ya tare Musaddiq, ɗan unguwarsu mai karatun digiri na biyu a lissafi.

A jakar Musaddiq akwai kundin bincikensa, kwafi ɗaya tilo, don shagon da aka buga shi ya ƙone har da kwamfutar. Lissafi ne kan yadda bakin wuta ke tafiya cikin abu mai tauri, irin gawayi ko curin garin katako. Lissafin ya nuna wuta ba ta tafiya sumul: takan zabura, ta tsaya, ta sake zabura. Malaminsa Dakta Dalyop ya ce kuskure ne, ya je ya gyara.

Labaran ya zaro kundin, ya bi bangonsa da yatsa, yana karantawa da ɗan turancin da ya tsinta a jikin fostar 'yan siyasa.

"Combustion Front. Wace ƙungiya ce Front ɗin nan?"

"Yaya Labaran, ba ƙungiya ba ce. Bakin wuta ake nufi, inda take ci."

"Wuta ko? Ga kuma sunan Dalyop a ƙasa, mutumin wancan ɓangaren. Kai ne sakatarensu ke nan."

Musaddiq ya dube shi sama da ƙasa. Mutumin nan da ko kuɗin faci sai ya ƙirga da yatsu, yau shi ne alƙalin karatunsa.

"A gabanka aka yi sunana. Buɗe ka duba, in ka ga wani abu ban da lambobi ka ɗaure ni."

"Ai lambobin su ne sirrin."

Samari biyu suka riƙe Musaddiq. Labaran ya ɗora kundin kan garwashin da suke jin ɗumi. Musaddiq ya yi ta fizge-fizge yana zagi, har wuta ta kama gefen takardun, sai ya tsaya yana kallo.

Jan layin wutar ya ci gaba kaɗan, ya tsaya. Ya zabura, ya sake tsayawa. Daidai yadda shafukan da yake cinyewa suka faɗa.

"Ashe ban yi kuskure ba," in ji Musaddiq cikin takaici.

Labaran ya dubi samarin. "Kun dai ji da kunnenku, ko nadama ba ya yi."

Ya sa gora ya tura ragowar kundin tsakiyar garwashin.