Launin Ɗankwalin Eunice

"Danna sosai, Malam Nuhu, ba rigar Alhaji ba ce," in ji Baba Sylvanus daga kan tabarma.

Nuhu mai wanki da guga ya ƙara danna dutsen guga. Tunda yake a Narayi bai taɓa goge ƙarfe ba sai yau, saboda maƙwabcin nan nasa. Baba tsohon mai zane ne a masaƙa. Gwanintarsa ita ce ya zana hoto da allura a farantin tutiya, asid ya ci zanen, ya shafa tawada ya buga a takarda. Yanzu ciwo ya sa hannunsa rawa, ga hoton marigayiya matarsa Eunice guda ɗaya tak, shi ma yana koɗewa. So yake ya bar wa 'ya'yansa fuskar uwarsu kafin ya bi ta.

'Yarsa Rhoda ce ta kawo dabara. Ta kwafo hoton a sabon injin ofishinsu, ta ce in an goge takardar da zafi, baƙin zai manne a ƙarfe ya tare asid. Baba ya yi ta mita, wai inji ba shi da hannu. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Da suka ɓare takardar, sai ga Eunice a jikin tutiya. Asid ya yi aikinsa, Nuhu ya murza abin bugu, aka buga wa kowane ɗa nasa.

Saura ɗankwali. Hoton baƙi da fari ne, Baba kaɗai ya san launinsa. Ya jiƙa burushi, ya haɗa rawaya da ɗigon ja. Hannu ya yi rawa, launin ya tsallake layi ya gangaro goshi. Rhoda ta yunƙura za ta goge.

"Bar shi," ya ce. "Haka take ɗaurawa, kullum a karkace."

Guda ɗayan nan ya iya gamawa. Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Nuhu ya yi kuka, bai ɓoye wa kowa ba.

Bayan an dawo daga kai shi ƙauye, Rhoda ta zauna a ƙofar ɗaki da hoton da ya gama da sauran hotunan a gabanta, tana haɗa rawaya da ja. Duk wanda ta gama, da gangan take barin launin ya gangaro goshi, sannan ta miƙa wa Nuhu ya shanya a igiya.