Jan Zare a Cikin Fanka

Shekara ashirin da wani abu magana ɗaya ake yi a kasuwar Dungass a kan Dogo mai gyara: hannunsa na da albarka. Direbobin hanyar Maigatari suna cewa ya taɓa tayar da rediyon da ta kwana biyu cikin rijiya. Mata suna cewa in ka bar masa portabul, wato wayar hannu, ba ya leƙa hotunan da ke ciki, kuma wannan ya fi musu komai. Mushe Laminu, malamin lakwal, makarantar boko, yana cewa da Dogo ya samu karatu, da yanzu a Yamai ake neman sa. Daga bazarar bara maganar ta juya. Sai ka ji ana cewa ya tsufa, idonsa ya mutu, kayan zamani sun fi ƙarfinsa. Har samari suka mai da abin wasa: kai wa Dogo, ka karɓo toka.

Rumfata ta ɗinki tana manne da tasa, zana ɗaya ce tsakaninmu. Yawancin abin da zan faɗa ta cikin zanar nan na ji shi.

Mas'udu ɗan marigayi Hamma ne, abokin Dogo tun suna kiwon awaki a Mallawa. Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna, ya yanka, ya haɗa, ya sa kiɗa. Ordinatarsa, wato kwamfutarsa, ƙarama ce, irin mai naɗewa da ake sawa a jaka. Da ya sayi sabuwar kamera sai ordinatar ta gaza. In ya ɗora mata hoto, amarya ta riƙa tafiya tana tsayawa kamar mai ƙaya a ƙafa.

Wata ranar kasuwa ya dawo daga Kano da kwali a hammata, ya ajiye a gaban Dogo.

"Baba Dogo, ga maganin ciwona."

Dogo ya ciro abin. Wani baƙin allo ne mai nauyi, da fanka biyu a jikinsa. Kart garafik suke ce masa, shi ke ɗaukar nauyin hoto a madadin ordinata.

"Wannan ai na babbar ordinata ne, ta kan tebur. Ya kai rabin taka. Ta ina za ka cusa shi?"

"Ba cusawa za a yi ba, Baba. A waje zai zauna. Na gani a portabul, ana yi."

"A portabul ai har mutum yana tashi sama."

Duk da haka ya karɓa. Kwana uku bai taɓa wani aiki ba. Ya kwance bayan ordinatar da turnabis, abin kwance kusa, ya zare ɗan katin da ke kamo intanet, ya soke wata faffaɗar waya a gurbinsa. Ɗaya bakin wayar ya kai shi ga wani ƙaramin faifai inda kart ɗin zai tsaya a tsaye. Ordinatar ba ta da ƙarfin ciyar da shi wuta, sai ya ciro akwatin wuta daga cikin wata tsohuwar babbar ordinata da ke ƙarƙashin teburinsa, ya ba shi nasa daban. Ya jona ekaran, gilashin da ke nuna hoto, a jikin kart ɗin. Rana ta farko baƙi ƙirin. Rana ta biyu ya kawo haske ya ɗauke. Ina jin sa yana magana da abin a hankali kamar mai lallashin jaki a bakin gulbi. Rana ta uku da hantsi fankokin suka juya, amaryar ta taka daga ƙofa har mota ba ta tsaya ba.

Mas'udu ya yi tsalle har ya bugi rufin rumfa.

"Tsaya tukuna," in ji Dogo. "Abu ɗaya zan gaya maka. Wannan abin numfashi yake yi. In yana aiki zafinsa ya isa ya gasa masara, fankokin nan su ke riƙe da ransa. Kada a rufe shi da komai, ko da hula ce. Ka faɗa wa mutanen gida."

"Na ji, Baba."

"Ka faɗa musu, na ce."

"Wa ke shiga ɗakina?"

Kwana tara aka yi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga Mas'udu da kwalin nan, warin ƙonannen roba yana gaba yana biye. Bai yi sallama ba. Ya jefa shi a kan teburin.

"Ka ƙone mini! Na bar shi yana aikin bikin Sassumbrum, na dawo na tarar da hayaƙi. Ka haɗa wutar ba daidai ba. In ba ka iya ba me ya hana ka ce ba ka iya ba?"

"Mas'udu, zauna mu duba."

"Me za ka duba da wannan idon? Ka tsaya ga rediyo, tsoho!"

Har mahauta daga can ƙarshen layi suka miƙe suna kallo. Dogo ya jawo kwalin gabansa.

Da mutane suka watse na zagayo. Na same shi ya kwance fankokin. A wuyan kowace akwai jan zare a nannaɗe, ya narke ya manne. Ya ciro shi da hantsaki, ya naɗe a ƴar takarda, ya sa cikin gwangwanin kusoshi.

"Dogo, wannan ai zaren saƙa ne."

"Koma ga ɗinkinka, Illo."

Babu wanda bai san jan zaren Uwani ba, uwar Mas'udu. Ba ta iya ganin abu mai daraja a buɗe. Rediyo, butar shayi, fitila, kowanne ta saƙa masa riga.

"Ka nuna wa mutane mana."

"In tsaya tsakiyar kasuwa in ce matar Hamma ce? Yaron ya sani. Shi ya cire rigar daga kai kafin ya kawo."

Ban sake tayar da maganar ba, kuma wannan shirun nawa yana cikin abin da ke damuna har yau. Damina ta shigo ta wuce. Mai kantin magani ya fara aika na'urarsa Magarya. Mata suka riƙa wucewa da portabul a ƙulle a bakin zane, suna gaishe shi daga nesa. Wani yini tun safe har la'asar abin da aka kawo masa tocila ɗaya ce. Mas'udu kuwa ya sake hanya, ta bayan masu hatsi yake bi. Da aka gama yankan gero Dogo ya ce mini zai koma Danciyawo wajen ƙanensa, ko gyaɗa ya riƙa taya shi ɓarewa. Ya bar wa wani mai albasa rumfar.

Ranar da yake haɗa kaya sai ga Uwani da rediyo a cikin jar rigarta. Mas'udu ɗan farinta ne. Ba ta faɗin sunansa, ba sa zama su yi hira, saƙo ma sai ta bakin wani yake bi tsakaninsu.

"Malam Dogo, an ce hannunka ya lalace. To, rediyon marigayi ce, ko za ta mutu gara ta mutu a wajenka."

"Kawo mu gani."

Ta zauna a bakin benci tana kallon akwatunan.

"Ni abin da ya ƙona mini rai a wancan al'amarin, kwana huɗu na yi ina saƙa wa abin nan riga. Na leƙa na gan shi tsirara a kan tebur, hanjinsa duk a waje, ga ƙuda ga tautau. Ranar Juma'a da wancan ya tafi masallaci na shiga na sa masa, na ɗaure bakin tam. Ashe ranar ce ajalinsa. Ko rigar ban sake gani ba."

"Allah ya ba da lada," in ji Dogo, bai ɗago kai ba.

Na tsayar da keken ɗinki.

"Uwani, lokacin da kika sa masa, yana juyawa?"

"Yana ta huci kamar mai zazzaɓi. Ina rufe shi ya yi shiru."

"Illo!" in ji Dogo.

Ban saurare shi ba. Na zagayo na ɗauki gwangwanin, na warware takardar, na zuba mata zaren a tafin hannu. Na gaya mata inda aka ciro shi, da abin da fankokin ke yi, da gargaɗin da aka yi wa ɗanta sau biyu. Ta daɗe tana murza zaren da yatsa.

"Shi wancan ya sani?"

Dogo yana ta juya kusar da ta riga ta ɗauru.

Ta tashi, ta bar rediyon a nan.

Kafin la'asar an ɗora akwatunan Dogo a bayan moto mai ƙafa biyu, yana jan igiya. Mai albasa ya riga ya jingine buhu biyu a jikin zana. Sai na ji muryar mace daga bakin layi, da ƙarfi.

"Mas'udu! Wuce gaba."

Tsofaffin mata suka kama baki. Shekara talatin ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Ya taho kansa a ƙasa, tana bayansa. Da suka iso ta buɗe tafin hannunta a gaban fuskarsa.

Ya durƙusa a gefen moto ya ce wani abu da ko ni ban ji ba.

"Ranar da ka zage shi har mahauta sun ji," in ji Uwani.

Dogo bai saki igiyar ba. Ya ƙulla, ya sake ƙullawa. Mas'udu ya ɗago, ya dubi mutanen da suka taru, ya dubi buhunan albasa a inda teburin yake a da. Muryarsa ta kai ƙarshen layi.

"Baba Dogo, aikinka ba shi da aibi. Ka ce kada a rufe, ban faɗa a gida ba. Na tarar da rigar a kai, na cire na jefa a masai, na zo na ɗora maka. Na sani tun ranar. Ka yafe mini, Baba."