Abin da Mainasara Ya Leƙo a Dokki

Kafin wani Bahaushe a Alƙahira ya ji ko sunan yoga, Mainasara direba ya riga ya gan ta da idonsa. Ba ɗaliban Azhar ba, ba manyan ofishin jakadanci masu tulin takardu ba. Shi ɗin dai, wanda bai taɓa zama a aji ba, wanda ya tuƙa motar sojoji a yaƙin basasa ya fito da ƙafafunsa biyu.

A shekarun tamanin ne, yana tuƙa Hajiya Shafa'atu, matar wani jami'in ofishin jakadancinmu. Shi ya riƙa kai ta makaranta tana ƙarama a Gusau, kuma da mahaifinta zai cika, hannun Mainasara ya kama ya ce, "Ga amanar Shafa'atu nan."

Tun da ta yi ɓari, barci ya ƙaurace mata, dariya ma haka. Sai ta ɓullo da wata fita: daga Zamalek su tsallaka gada zuwa wani bene a Dokki, ta shige da tabarma a naɗe, ta ce ya jira. Ran nan ya zaga baya neman ruwan alwala, idonsa ya faɗa ta taga. Mata ne zaune a ƙasa, ƙafafu a harɗe, idanu a rufe, hannuwa a haɗe a ƙirji, wata Bamisiriya mai furfura tana musu magana ƙasa-ƙasa. Ga Hajiya a tsakiya. Can sai suka kifa goshi a ƙasa, kuma wallahi ba alƙibla suke kallo ba.

Mutumin da harsashi bai girgiza ba, ranar ya koma mota hankalinsa a tashe. Idan baƙin ciki ya ja yarinyar nan zuwa wani addini, da wane baki zai amsa wa ubanta gobe ƙiyama?

Da ranar zuwa benen ta zagayo, Hajiya na fita daga mota ya bi bayanta.

"Baba, ina zuwa kuma?"

"Inda kike zuwa, uwar ɗakina. Yau sai na ga wanda ake yi wa sujada a benen nan."

Ta tsaya ta dube shi, sai ta kwashe da dariya har tabarmar ta suɓuce. "Yalla, shigo. Amma ka tuɓe takalmi."

Malamar, wato Bamisiriyar nan mai furfura, ta so ta hana, wurin mata ne. Hajiya ta ce ubanta ne, aka shimfiɗa masa a bakin ƙofa. Malamar ta ce kafin a motsa, kowace ta rufe ido ta ƙudurta a ranta abin da ya kawo ta yau. Hajiya na fassara masa a hankali.

"A ƙudurta wa wa?" in ji shi, ido ɗaya a buɗe.

"Ba kowa, Baba. Ba a kiran sunan wani. Miƙe jiki ne da numfashi, likita ya turo ni."

"To ke me kike ƙudurtawa?"

"In samu barci, in daina makara sallar asuba. Kullum shi ke nan."

Mainasara ya sauke wata ajiyar zuciya mai ƙarfi, har labulen taga ya motsa. Malamar ta tafa ta ce, "Tamam, ya hajji!" Ta ce matan duk su yi numfashi irin nasa. Ranar farko ke nan fa, ya zama abin koyi. Ya yi bisimilla, ya sa wa ransa cewa bayan nan nasa da tuƙi ya sandare yau zai lanƙwasu. Ya kuwa lanƙwasu, ko da yake an ji ƙararsa har bakin titi.

A hanyar komawa ya duba madubi, ya ga Hajiya ta yi barci, baki a buɗe. Bai tashe ta ba. Ya yi ta zaga Zamalek a hankali, 'yan tasi na danna masa oda yana ɗaga musu hannu.

Yau haƙoran Mainasara sun zube, amma yana taɓa yatsun ƙafarsa bai lanƙwasa gwiwa ba. Duk mai cewa ƙarya ce, ya ɗauko tabarma ya zo ƙofar gidansa, ya cire hula, su sunkuya tare. Sai a ga wanda za a tallafa ya miƙe.